Mutumin da Ya Nuna wa Innata Ƙofa

Usta Yaƙubu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina wani zauren biki ina ɗaura labule. Sa'adiya matata ce ta kira. Na ce mata ina kan tsani, ta faɗi da sauri. Ta ce, "To sauko tukuna, Abakar." Na sauko, ta faɗa mini.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Yanzu la'asar ta wuce, ina zaune a shago, na ja ƙofa na kashe kiran waya. Rubutun zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na yi wa mutumin nan laifi shekara uku da suka wuce, ban nemi gafararsa ba har aka binne shi yau. Tsakanin gidana da nasa kuwa tafiyar minti goma ce a ƙafa.

Mutanen Gadarif sun san shi, amma ga waɗanda ke nesa bari in faɗa. Usta a wurinmu laƙabin gwanin sana'a ne. Usta Yaƙubu mai tsara ɗaki ne. Shi ke shirya kosha, wato ƙawataccen mazaunin ango da amarya, shi ke gyara dandamalin wasan kwaikwayo idan makarantu za su yi bikin ƙarshen shekara, shi ake kira idan an gama gini a rasa inda za a sa gado da inda za a sa fitila. Duk abin da na sani a wannan sana'a, a hannunsa na koya.

Asalinsa mai gyaran wutar tarakta ne a manyan gonakin Simsim. Shi ya sa ba ya tsoron waya, kuma ba ya zubar da komai. Na taɓa ganin ya haska dandamali guda da fitilun tsohuwar tarakta biyu da batir ɗaya. Gwangwanin madara ya huda ya rufa musu don kada hasken ya watse, bangon baya kuma buhunan dawa ne ya ɗinke ya shafa musu toka. Da aka fara wasan, wata tsohuwa a gefena ta rantse asuba ce ta yi a kan dandamalin.

Ni a lokacin yankan riɗi ya tsince ni. Ina da shekara ashirin da biyar, lauje ya yanke mini hannu, na dawo gari ba aikin yi. Ina zaune wajen mai shayi ya zo neman wanda zai riƙe masa tsani. Na nuna masa hannun a naɗe. Ya ce, "Ɗayan fa, shi ma riɗin ya ci?" Na tashi na bi shi.

Shekara tara muna tare.

Bai taɓa cin fatur, abincin hantsi, ba tare da ya kira ni ba. Ko ful ɗin, dafaffen waken nan, kaɗan ne sai ya turo mini gefen da mai ya fi taruwa.

Ranar da na fasa wa wani attajiri madubi, kafin in buɗe baki ya ce da mai gidan, "Ma'alesh, a yi haƙuri, ni na jingina shi ba daidai ba." A hanyar komawa bai tayar da maganar ba, sai da muka iso ƙofar shago ya ce gobe in zo da wuri.

Yadda yake aiki ne ya fi ba ni haushi a lokacin. Idan an kira mu gida, ba ya taɓa komai nan take. Zama yake yi a ɗakin tun hantsi har yamma, yana shan jabana, gahawar nan tamu, yana kallon inda rana ke shigowa da inda take fita. Can sai ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, ya bar 'yar kafa kaɗan, ya yi ta juya kai. Ni kuwa ina waje ina cika ina batsewa. Na sha ce masa, "Usta, mutanen nan za su ce gahawarsu muka zo ƙararwa."

Sai ya ce, "Ya waladi, ɗana, ka tambayi wa zai kwana a nan? Wa ke riga kowa tashi? Wace ƙafa ce ke masa ciwo? In ba ka sani ba, wa kake yi wa ɗakin?"

A raina nakan ce tsufa ne kawai da son zance.

Innata tana da ciwon ido. Ya daɗe yana cin ta a hankali, har ya kai ba ta gane fuska, sai dai ta ce nan haske ne, nan duhu. Lokacin tana cikin guttiyarta, bukkar ciyawar nan da Babanmu ya kafa tun zuwansu gari. Ta fara karo da kaya, ta fara jin tsoron tashi. Ban ma roƙe shi ba. Na dai ambata muna cin abinci, washegari sai ga shi da 'yar jakarsa.

Ya wuni a bukkar nan, shi da Inna suna ta hira, tana ba shi labarin shanun da kakanninta suka taho da su daga yamma. Da yamma ta yi ya buɗe 'yar taga a gefe, ya juya gadonta, ya mayar da randa inda haske ke sauka, ya rataya fitila guda ɗaya a saman ƙofa. Shi ke nan aikin. Tun daga ranar Inna ta koma ɗaukar butarta da kanta, ta fita, ta yi alwala, ta dawo, ba mai riƙe mata hannu.

Na ga wannan da idona. Ku riƙe shi, don kada wani ya ce rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi.

Bayan na buɗe shagona, Allah ya kawo shekaru masu albarka. Riɗi ya yi, dawa ta yi, masu manyan gonaki suka shiga gine-gine. Kowa yana son silin na farar ƙasar jibs, da fitilu a ɓoye cikin bango, da tayil mai ƙyalli irin wanda suke gani a waya. Ni kuwa na iya. Ina ɗora hoto, kuna yabawa, wasunku ma har yanzu kuna nan kuna karanta wannan. Ba laifinku ba ne. Yabon ne ya fasa mini kai, ni kuma na miƙa kan.

Kun san yadda muke a nan. Da zarar ɗa ya samu hali, abin da ake jira a gani shi ne ya fitar da uwarsa daga bukkar ciyawa ya sa ta a ɗakin bulo. In bai yi ba, za a yi ta magana a bayansa. Na rushe guttiyar Inna, na gina mata ɗakin da na ce babu irinsa a unguwar. Farin tayil a ƙasa, farin bango, farin silin, farar ƙofa. Ƙwan fitila goma sha biyu a sama. Ƙatuwar taga daidai fuskar gado. A tunanina mai ciwon ido haske yake buƙata, to ga haske nan har ya yi yawa.

Ban nemi shawarar Usta ba. Da gangan na ƙi, so nake ya zo ya gani ya yi mamaki.

Ranar da za ta tare na yi karama, wato walimar godiya, na yanka rago, na gayyaci jama'a, har da manyan mutanen da nake yi wa aiki. Usta ya zo da farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya lumshe idon nan nasa, ya juya kai dama da hagu. Sannan ya kamo hannuna ya ja ni gefe, can bayan rumfa inda babu kowa.

A hankali ya yi maganar. Ya ce, "Aiki ya yi kyau, ma sha Allah. Amma Hajja ba za ta ga ƙofa ba. Komai fari ne, ya waladi. Ba ta da abin kamawa."

Shi ya ja ni gefe don ya rufa mini asiri. Ni ne na dawo da maganar tsakiyar mutane. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, har ina dariya. Na ce, "Ya jama'a, kun ji Usta wai ɗakin bai yi ba. Usta, zamanin gwangwanin madara ya wuce. Kai ka tsaya a bukka da wasan 'yan makaranta, wannan aikin ya fi ƙarfin idonka."

Wasu suka yi dariya. Wasu suka sunkuyar da kai.

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kwayyis, to madalla. Allah ya sa albarka." Ya leƙa ya yi wa Inna sallama, ya sa takalminsa ya tafi. Ana fito da tiren nama yana fita. Bai ci ko loma ɗaya ba, kuma duk wanda ya san garin nan ya san me ake nufi idan babba ya bar karamarka bai sa hannu ba.

Kwana tara Inna ta yi a ɗakin ta faɗi. Bango ta nufa tana zaton ƙofa ce, ta juyo, santsin tayil ya kwashe ta. Allah ya tsare ba ta karye ba, amma daga ranar ta daina tashi. Matar da ba ta taɓa yarda wani ya ɗaukar mata buta ba, ta koma sai ta kira surukarta ta kai ta bayan gida. Takan ƙi shan ruwa don kada ta dame mu. Ta rame.

Wata rana na zauna a bakin gadonta na ce, "Inna, me ke damun ki? Ga ɗaki, ga haske."

Ta ce, "Ɗan nan, ka jefa ni cikin ƙwaryar nono. Duk inda na juya iri ɗaya ne."

Kun san abin da na yi? Na ƙaro fitila biyu. Wallahi haka na yi. Na gwammace in ce ciwon ne ya ƙaru da in taka minti goma in ce wa tsoho ya yi gaskiya.

Sai aiki ya kai ni Basunda, na yi mako guda. Ranar da na dawo, ina shiga gida da hantsi na ga Inna a tsakar gida da butarta, ita kaɗai. Na ajiye jaka na shiga ɗakin.

An cire ƙwan fitilun duka, saura ɗaya mai ruwan ɗorawa a saman ƙofa. An shafa wa kewayen ƙofar shuɗin fenti mai duhu. An juya gadon, taga ta koma gefenta, ba ta dukan idonta. Daga ƙafar gado har bakin ƙofa an shimfiɗa doguwar baƙar tabarma, an manne ta da ƙasa don kada ta zame. Randa tana inda haske ke sauka.

Ban tambayi wanda ya yi ba. Shekara tara na yi ina kallon hannun nan.

Sa'adiya ta tsaya a bayana tana murza gefen mayafi. Ta ce Inna ce ta aike ta wajen Usta. Ya zo tun safe, ya wuni, fentin ma daga gidansa ya taho da shi. Da zai tafi ya ce mata, "'Yata, kar ki ce na zo. In an tambaya, ki ce Abakar ne ya bar umarni kafin ya tafi."

A nan ne ya kamata in fita, ko takalmi ban sa ba, in je in durƙusa a gabansa. Ban je ba. Na ce bari in huta, gobe. Gobe ta yi na ce kunya nake ji, bari maganar ta ɗan kwanta.

Ga abin da ya fi muni, kuma shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mata masu zuwa gaida Inna suka ga ɗakin, suka ga tana tafiya, suka kai labari. Aka fara kirana gidajen da ke da tsofaffi masu raunin gani. Na je na yi musu irin abin da na gani a ɗakin uwata: duhu a ƙofa, fitila ɗaya, tabarma. Na ɗora hotuna a wannan shafin. Kuka ce Abakar mai basira ne, Abakar mai tausayin tsofaffi ne. Na amsa muku da "na gode", ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya ban rubuta sunansa ba.

Yana ganin hotunan. Ɗansa ya gaya mini yau cewa yakan ce a nuna masa.

Shekara uku muna haɗuwa a masallaci, a jana'iza, a ɗaurin aure. Nakan gaishe shi daga nesa-nesa, in yi sauri kamar ana jirana. Shi kuwa kullum amsawa yake da fara'a, ya tambayi yara da sunayensu.

Ganina da shi na ƙarshe mako biyu ne da suka wuce, a kasuwa, wajen mai shayin nan dai da ya fara samuna. Ya rame ƙwarai, jallabiyar ta yi masa yawa, yana dogara sanda. Ina tare da wani mai gona da zan yi wa koshar auren 'yarsa. Usta ne ya fara gani na, ya ɗaga hannu. Ba hanyar kaucewa, na je na gaishe shi.

Ya riƙe hannuna bai sake shi ba. Ya ce, "Yaya Hajja? Tana ganin ƙofa?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, Usta."

Ya ce, "Tamam. Sanyi ya kusa, rana za ta karkata kudu, da hantsi za ta riƙa dukan fuskarta. Ka ja gadon taki biyu wajen bango."

Maganar ta zo mini har baki. Wallahi ta zo. Kalma uku ce: Usta, yafe mini. Na waiga na ga mai gonar yana duba agogo, sai na ji nauyin in ƙasƙantar da kaina a gabansa. Ni da ban ji nauyin wulaƙanta malamina a gaban taro ba, na ji nauyin ba shi haƙuri a gaban mutum ɗaya.

Na ce, "Zan shigo gida ranar Juma'a, akwai maganar da nake so mu yi."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Marhaba. Zan ce wa mai ɗakina Hajja Zainaba ta soya gahawa."

Da na koma gida na ja gadon taki biyu. Shawarar na ɗauka, kamar kullum.

Juma'a ta zo, an gama yankan riɗi, bukukuwa sun taso, ina da kosha biyu a rana ɗaya. Na ce ta gaba. Ta gaba ina garin Mafaza. Na sa a raina Juma'ar jibi, ba fashi. Ko waya ban yi masa ba, wai maganar ta fi ƙarfin waya.

Yau a maƙabarta, bayan an rufe shi, ƙaninsa ya miƙe kamar yadda aka saba ya ce, "Jama'a, duk wanda Yaƙubu ya taɓa ɓata wa, don Allah ya yafe masa." Kowa ya ce mun yafe. Ni ma bakina ya motsa. Amma na tsaya ina jira ko wani zai juya tambayar ya ce, wanda ya ɓata wa Yaƙubu fa, ina za shi? Ba a yin wannan tambayar, don mai amsa ta yana ƙarƙashin ƙasa.

Muka koma gidan. Na ɗaga hannu muka yi fatiha da maza a rumfa, sannan aka ce Hajja Zainaba matarsa tana son magana da ni. Ta shiga takaba, sai ta bayan labule. Na durƙusa a bakin ƙofa, na shirya jin duk abin da za ta faɗa, don na cancanta.

Ta ce, "Abakar, kai ne? Sannu, ɗana. Al-baraka fik. Kai ne abin yi wa ta'aziyya, uba ka rasa."

Na gyara durƙusona.

Ta ce, "Juma'a biyu yana sa in soya gahawa, ya sa a fito masa da kujera bakin ƙofa. Na ce masa yaron nan shekara uku bai tako gidan nan ba, anya lafiya? Ya ce in bar ka, aiki ne ya yi maka yawa, kuma shi ya ce ka riƙe aikinka da kyau."

Na ce, "Hajja, bai gaya miki abin da ya faru a karamar Inna ba?"

Ta ce, "Me ya faru? Ya dawo ya ce ɗaki ya yi kyau, ya ci ya ƙoshi."

Ban iya gaya mata ba. Na tashi na fito, na zo nan na rufe shago.

Shekara uku ya rufa mini asiri har a cikin ɗakinsa. Ban sani ba ko ya yafe, ko haƙuri kawai ya yi ya haɗiye. Ina kyautata zato, don na san halinsa, amma ban ji daga bakinsa ba, kuma ba zan taɓa ji ba. Ni na jawo wa kaina wannan.

A gaban mutane na ci mutuncinsa, don haka a gaban mutane zan faɗa. Duk ɗakin tsoho ko tsohuwa da kuka yaba mini a shafin nan, aikin Usta Yaƙubu ne, ni kwafa na yi. Duk wanda uwarsa ko ubansa ke tashi ya kai ƙofa da kansa a ɗakin da na gyara, ba ni zai yi wa addu'a ba. Waɗanda suka yi dariya ranar nan kuma, ku sani shi ne mai gaskiya. Gobe da safe zan koma bakin labulen nan in gaya wa Hajja Zainaba da bakina, kafin wani ya karanta mata.

Usta, ka yafe mini. Na makara.

Ya Allah, bawanka Yaƙubu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi. Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa mini. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma ka sa ya kasance ya yafe mini kafin ya cika.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya ce mini komai na lallashi. Ku ɗaga hannu ku karanta masa Fatiha, ku ambaci sunansa: Yaƙubu.